Mil Goma Ga Babbar Tunkiya

Tumaki goma sha huɗu Adda Turai take da su, ban da su kuwa ba ta da komai. Ba gona, ba saniya, mijin ya rasu shekara shida ke nan. Da su take ci, da su take sutura, in ciwo ya zo a kama ɗaya a kai kasuwa. Na fara da wannan ne don kada wani ya buɗe baki ya ce mini ai dabba ce kawai. Duk wanda ya faɗa mini haka, wallahi sai mun ɓata.

Ni Ishaƙ, ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A rugarmu da ke bayan Sule Tankarkar Likita suke ce mini, ko da yake ni ba likita ba ne, malamin dabbobi ne. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a wata cibiya a Gumel, inda ake ɗaukar matasa wata shida a koya musu allura da ɗura da duba dabba, a ba su takardar shaida su koma garuruwansu. Zamana haka kuwa Adda ce sila. Lokacin da mai unguwa ya matsa wa Baba sai ya ba da yaro ɗaya makaranta, ni aka bayar, ita ta karɓi sandata. Shekara tara tana bin dabbobi a madadina, rani da damina, har aka yi mata aure.

Ina da takardar darasi tawa, shafi ashirin da biyu. Ni na rubuta ta a shekarar da na fara aiki, kuma tun daga nan ko waƙafi ban sake ba. Kowane zango in kai ta shagon bakin tasha a juyo mini kwafi talatin in raba. Dokata ɗaya ce, kowa a cibiyar ya san ta: abin da na ba ka, shi za ka maido mini ranar jarrabawa.

To bana sai shugabanmu, Malam Abdulƙahhar, ya je wani taron bita ya dawo mana da sabon salo. Wai kowane darasi a ba ɗalibai rubutu uku daga wurare daban, su gwama, su ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Na ce to. A raina kuwa na ce aikin banza, yaran da guda ɗaya ma da kyar yake zama musu. Da muka zo kan tsutsar ciki sai na raba musu shafi na bakwai na takardata, da wani ɗan littafi da ma'aikata ta aiko, da 'yar takardar nan da ake naɗewa a cikin kwalin magani. Sannan na rage murya na ce musu, ku duba duka don a ce kun duba, amma jarrabawa daga tawa za ta fito.

Mutum biyu ne a ajin nan ba zan manta da su ba har in mutu.

Na farko Hamza, ɗan cikin garin Gumel. Kawunsa ne ya samo masa fom, kuma bai taɓa ɓoye cewa shi dabba ba ta gabansa ba. In za a kama akuya sai ya naɗe hannun riga har kafaɗa yana yamutsa fuska. Takardar shaida yake so ya nemi aikin ofis. Amma kai, yaron nan Allah ya ba shi kai! Ya karanta shafi sau biyu, gobe ya zubo maka shi tiryan-tiryan. Ga ladabi, ban taɓa sauka daga babur na ɗauki jakata da kaina ba in yana wurin. Ina son yaron, ba zan yi ƙarya ba.

Ta biyu Zakiyya, daga Maigatari take zuwa kullum a motar haya. Uwarta 'yar Damagaram ce, tana turka raguna, ita ma Zakiyyar tana da awakinta bakwai, kuma ko ba ka tambaye ta ba sai ta ba ka labarinsu ɗaya bayan ɗaya. Tana yawo da wata jakar leda cike da takardun cikin kwalin magani, wasu da Turanci, wasu da Faransanci da ta ɗan tsinta a wurin dangin uwarta. Yarinyar nan ba ta iya karanta abu ta bar shi ya huta ba. Sai ta baje takardu a kan benci, yatsa ɗaya a nan, ɗaya a can, fensir a baki. In ka yi mata tambaya ta ba ka amsa, sannan ta ce amma. Wannan amma ɗin ita ta haɗa ni da ita.

Ranar Litinin ina tsakiyar bayani ta ɗaga hannu.

"Malam, ina da tambaya."

"Gajarta ta."

"Takardarka ta ce a ɗura wa babbar tunkiya mil goma. Littafin ma'aikata kuma bai faɗi mil ba sam, cewa ya yi a kimanta nauyin dabba, a duba ƙarfin maganin a jikin kwalba. Ta cikin kwalin ta yarda da mil goma, amma ga wannan kwalbar kaɗai. Akwai wata da ake kawowa daga ƙetare, Innarmu tana amfani da ita, kamarsu ɗaya, amma ta ninka wannan ƙarfi sau huɗu."

Na ce, "To me kike so ki ce?"

"Ina ganin lokacin da aka rubuta takardarka iri ɗaya ne kawai a kasuwa."

Wani shaƙiyyi a benci na baya ya ce, "Tsohon yayi ke nan," aka kwashe da dariya.

Idona ya rufe. Shekara goma sha ɗaya ba a taɓa yi mini dariya a aji ba, sai yau, a kan 'yar yarinyar da na girme wa uwarta. Na buga allo da tafin hannu har alli ya faɗi. Na ce mata tun ba ta san hannun damanta ba nake ɗura wa dabba magani. Na ce in a leda take karatunta, ta koma Maigatari ta buɗe tata makarantar. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba, abin da ya ƙara tunzura ni ke nan.

Na juya na ce, "Hamza, tashi. In takardu uku suka saɓa, wacce za ka bi?"

"Ta Malam."

"Don me?"

"Don ita ce ta Malam, kuma daga ita ake jarrabawa."

Na ce a tafa masa, aka tafa.

Duk shekara kafin ruwa ya sauka ni nake zuwa ruga in yi wa tumakin Adda ɗurar tsutsar ciki, kuma nakan tafi da ɗalibi ɗaya ya ga yadda ake yi. Tun wata biyu baya Zakiyya take roƙona in tafi da ita. A ranar, a gaban kowa, na ce ranar Asabar Hamza zai je ya yi wa tumakin yayata ɗura, shi kaɗai, ni ko leƙawa ba zan yi ba, don a ga wanda ya iya da wanda surutu kawai ya iya. Na faɗa ina kallon ta. Don in ƙona mata rai na yi, babu wani dalili.

Ranar Laraba na yi musu gwaji. Hamza ya ci casa'in da takwas. Zakiyya ta cika mini shafi biyu da in kaza ne a yi kaza, in kuwa kaza ne a duba kaza. Na ba ta arba'in da ɗaya, na sa jan biro na rubuta mata a ƙasa: ba wannan na koya miki ba.

Ranar Alhamis na nemi irin maganin da na saba saye a Gumel, aka ce ya yanke. Na hau babur sai kasuwar Maigatari. A wata rumfa kusa da kara, inda ake cinikin dabbobi, na gan shi, farar kwalba, murfi ruwan ɗorawa, ga hoton ragon nan mai manyan ƙahoni. Rubutun dai Faransanci ne, amma ina ruwana, na ga rago, na ga murfi. Mai rumfar ya fara cewa, "Malam, wannan fa sai an…" Na katse shi na ce, "Ni za ka koya wa? Sa mini a leda." Ya ce Allah ya ba ka haƙuri, ya sa mini.

Da yammacin Juma'a Adda ta kira ni da wayar Baffa Cindo, ƙanen mahaifinmu, shi ne babba yanzu a rugar.

"Na ji an ce ba kai za ka zo ba."

"Ina da ɗaurin aure a Gagarawa, Adda. Amma wanda zan turo tamkar ni ne, abin da ke kaina duk yana kansa."

"To in kamar kai ne, shi ke nan. Ka ce masa ya bi Kyalla a hankali, ba ta son a matse mata wuya."

Kyalla ita ce babbar tunkiyarta, jikar wadda Inna ta bar mata. Na ce kada ta damu.

Asabar da safe na danƙa wa Hamza kwalbar a kwalinta da sirinji a tasha, na wuce Gagarawa. Ana zaune a kan tabarmi a ƙofar gidan amarya, wajen goma saura, wayata ta motsa a aljihu. Na duba, Zakiyya. Na ja tsaki na mayar. Ta sake kira. Na kife wayar a kan tabarma. Ta kira na uku, ta kira na huɗu, har na kusa da ni ya ce, Malam, ana neman ka fa. Na ce ƙyale ta, wata fitinanniyar ɗaliba ce, maki take so ta yi mini ƙorafi a kai. Saƙo ya shigo, ban buɗe ba. Aka shafa fatiha, aka raba goro, aka kawo shinkafa, na zauna na ci na ƙoshi, har da neman ƙarin yaji.

Sha biyu ta ɗan gota lambar Baffa Cindo ta shigo. Ko sallama bai yi ba.

"Likita, in a tsaye kake hau babur. Tumaki suna faɗuwa."

Ban san yadda na sa takalmi ba. Sai da na fita daga gari na tsaya a gefen hanya na buɗe saƙon nan. Ta rubuta: "Malam don Allah ka hana Hamza. Na ga kwalbar a hoton da ya sa, mai ƙarfin ce. Mil biyu da rabi ne, ba goma ba. Ya ƙi jin tawa, taka kawai zai ji." An turo shi ƙarfe goma da minti biyu.

Abin da ya faru, wanda na ji daga baya, shi ne Hamza ya ɗauki hoton kansa a tasha riƙe da kwalbar, ya sa a guruf ɗin ajinsu, wai Malam ya aike shi aiki. Kowa yana yi masa kirari, ita kuwa Zakiyya ta buɗe hoton ta ƙura wa lambar jikin kwalba ido. Ta kira shi, ya ce mata baƙin ciki take yi, ya kashe. Da ni ma na ƙi ɗauka sai ta tare ɗan acaɓa tun daga Maigatari. Allah ya sa an riga an saki tumakin da safe, sai da aka tattaro su, kuma Adda ta ce baƙo ba zai taɓa aiki ba sai ya sha fura. Duk da haka kafin Zakiyya ta iso Hamza ya gama da tara. Yana riƙe da bakin ta goma ta diro daga babur ta doke sirinjin daga hannunsa.

Tun daga nesa na hango taro a gindin aduwar da ake turke su. Na yar da babur ko jingine shi ban yi ba. Biyu sun riga sun sandare, kumfa a baki. Huɗu suna kwance a jere an yanka su, jini ya jiƙa ƙasa. Uku suna tsaye da kyar, jiki yana karkarwa, dalala tana zuba. Sauran biyar ɗin da ba a taɓa ba an ɗaure su can gefe suna ta kuka. Adda tana zaune a ƙasa dirshan, kan Kyalla a cinyarta. Kyalla tana cikin biyun da wuƙa ba ta riska ba.

Hamza yana rakuɓe a jikin bukka, farar shaddarsa duk kashin tumaki. Na yi kansa na ci kwalarsa.

"Uban wa ya ce ka ba su wannan? Makaho ne kai? Ba ka ga takarda a cikin kwalin ba?"

"Na gani, Malam."

"Ka gani! To me ya hana ka dubawa?"

"Na duba, na ga lambar ba ta yi daidai da taka ba. Sai na bi taka."

"Tawa? Ni na ce ka kashe mata dabbobi?"

Sai yaron nan ya miƙe tsaye sosai, kamar a aji, hawaye yana zuba, ya fara: "Shafi na bakwai. Maganin tsutsar ciki na ɗurawa. A girgiza kwalba sosai kafin a buɗe. A kama dabba a tsaye, kada a kwantar da ita. Babbar tunkiya ko babban rago, mil goma. Matsakaiciya, mil bakwai. Ɗan tunkiya da aka yaye, mil biyar. Kada a rage, domin ragi yana sa tsutsa ta saba da magani."

Ko harafi bai kuskure ba. Ni na rubuta, har da kada a rage ɗin. Na ji hannuna ya saki kwalarsa da kansa. Ina son in mare shi, wallahi ina so, amma a kan me? Ran Laraba a kan wannan shafin na ba shi casa'in da takwas.

Baffa Cindo ya dafa kafaɗata, wuƙa tana hannunsa har yanzu.

"Likita, bar yaron nan, akwai abin da ya fi wannan gaggawa. Huɗun nan ni na yanka su da hannuna kafin rai ya fita, jini ya zuba, ba mushe ba ne. Muna so mu feɗe a kai Sule Tankarkar tun nama bai juya ba, Turai ta rage asara. Amma wannan baƙuwar ta tsaya ta ce ba mai taɓawa."

Sai a lokacin na dube ta. Tana tsaye tsakanin mutane da yankakkun tumakin, hijabinta ya yi baƙi da ruwan gawayin da take ta ɗura wa ukun da suka rage, ƙura har gira. Mata sun fito da kwanuka, samari biyu suna wasa wuƙa, kowa yana harararta. Wata tsohuwa tana cewa daga ina aka samo wannan marar kunyar, yarinya ƙarama tana hana dattijo magana.

Zakiyya ta ce, "Baffa, ka yi haƙuri, ba raini ba ne. Maganin yana cikin naman. Ko daidai aka ba su, ba a cin naman sai an yi kwanaki, balle an ninka sau huɗu."

Baffa ya ce, "Mu dai Likita muka sani. Shekara nawa yana yi mana, bai taɓa ce mana haka ba. Ishaƙ, kai ne ɗanmu, kai aka kai makaranta. A feɗe ko kada a feɗe?"

Ni kuwa na san abin da kowa yake so ya ji. In na ce a feɗe, Adda za ta sami ɗan abin da za ta riƙe, mutane su watse, in tsira da sauran mutuncina. Na lalubi kaina, shafi ashirin da biyu, babu inda na taɓa rubuta komai a kan cin nama bayan ɗura. A makaranta an koya mana, na tabbata an koya mana, amma tun da bai shiga takardata ba sai ya bi iska. Don tsabar rashin kunya har na waiwayi Hamza.

Ya girgiza kai ya ce, "Malam, babu wannan a takardarka."

Kai, ban taɓa jin haushin wani mahaluki kamar yadda na ji haushin kaina a wannan tsayuwar ba. Takardar kwalin tana yashe a ƙasa kusa da turke, an taka ta. Na ɗauka na buɗe. Lambar kam ko jariri ya gani, ga ta ɓaro-ɓaro, da na duba ran Alhamis da shi ke nan. Sauran kuwa Faransanci, ko kalma ɗaya ban iya ba. Na miƙa mata.

"Karanta mana."

Ta karɓa ba ta dube ni ba. Ta bi layi da yatsa tana fassarawa da Hausa, da ƙarfi yadda kowa zai ji, har ta zo inda aka hana cin nama da shan nono. Sannan ta zuge jakar ledar nan da na yi mata gori a kai, ta zaro ɗan littafin ma'aikata, ta buɗe wani shafi da ta riga ta lanƙwasa, ta nuna mini.

"Ga shi nan ma, Malam. Adadin kwanakin ne suka ɗan bambanta, amma dukansu sun hana. Biyu sun haɗu. Taka ce ba ta ce komai ba."

Ba da gatse ta faɗa ba, da ma da gatsen ne da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Baffa, ku bi nata. Kada a feɗe, kada a ba kare ma. A haƙa rami mai zurfi a binne duka shidan."

Aka ɗauki salati. Masu kwanuka suka juya suna gunaguni. Baffa ya daɗe yana kallona, sannan ya goge wuƙarsa a ƙasa ya mayar kube, ya ce a ɗauko diga da shebur.

Duk abin nan Adda tana zaune da Kyalla a cinya. Sai da aka fara haƙa ta kwance igiyar wuyan Kyalla, ta naɗe ta a hannu, ta tashi. Na matsa na ce, "Adda, don Allah ki yi haƙuri, ni zan…"

"Rufe mini baki."

Tun ina yaro ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Na rufe.

"Ka ce wanda za ka turo tamkar kai ne. Ba ka yi ƙarya ba, kai ɗin ne ka zo. Yaron nan na gan shi ya buɗe takardar can ya duba, ya rufe, ya sake buɗewa. Na ce ɗana lafiya? Ya ce lafiya lau, Malam ya riga ya faɗa. Ni kuma da na ji an ce kai ka faɗa, da hannuna na riƙe masa Kyalla." Ta nuna Zakiyya. "Wannan yarinyar ban san ta ba, ban san uwarta ba, ta taso tun daga bakin iyaka saboda tumakina. Ta ce ta kira ka sau huɗu. Haka ne?"

"Haka ne."

"Wayar ta lalace?"

"A'a."

"Kana ina?"

"Wurin ɗaurin aure."

"Ka gani ka ƙi ɗauka."

Na yi shiru. Ta ce ba shiru ta tambaye ni ba. Na ce na gani na ƙi ɗauka.

Ta gyaɗa kai. Ta juya wurin Zakiyya ta ce, "'Yata, ukun nan za su tashi?" Zakiyya ta ce ba za ta yi mata alkawari ba, amma biyu sun fara rage karkarwa, kuma za ta zauna har la'asar ta gani. Adda ta ce, "To su da biyar ɗin can, daga yau ke za ki riƙa duba mini su. In kin ce a ba su abu a ba su, in kin ce a bari a bari."

Na ce, "Adda, ai ni ma zan iya…"

Ta juyo gaba ɗaya, idonta jawur.

"Shekara tara, Ishaƙ. Ƙaya ta ci ƙafata, rana ta dafa ni, sa'o'ina suna gida ni ina daji, duk don kai ka je ka iya karanta takarda. Ban taɓa yi maka gori ba, ko sau ɗaya. Ni ban san baƙi ba, amma ko nono zan saya sai na ɗanɗana ƙwarya uku. Kai an ba ka takarda uku a hannu. Ashe duk shekarun nan guda ɗaya ka iya karantawa, ita ma don kai ka rubuta ta."

Ta wuce ta durƙusa kusa da Zakiyya, ta kama mata kan tunkiya ɗaya, ba ta sake waiwayo ni ba.

Na tsaya kamar an dasa ni, da babbar rigar ɗaurin aure, da goro a aljihu. Baffa Cindo ya zo ya miƙo mini diga ya ce ƙasar tana da tauri, samarin sun gaji. Na tuɓe rigar na rataye a reshen aduwa na shiga ramin. Can sai ga Hamza ya diro da shebur, yana sheshsheka, ya tsaya a gefena.

"Malam, zurfin nawa za a yi?"

Na buɗe baki zan ba shi lamba, sai na fasa.

Na ce, "Je ka tambayi Zakiyya."